Jaririyar da Ta Shekara Sha Tara Tana Rarrafe

Ba ta iya gaisuwa ba, kuma ba ta taɓa yin kamar ta iya ba. In ka ce mata ina kwana, za ta ce lafiya, ta tsaya nan. In ka zarce zuwa ina gajiya, ya gida, ya yara, sai ta leƙo ka ta saman tabarau ta ce, "Taƙaice." Kalmar ta bi ta har ta zama sunanta. Masu ɗaukar kaya suna ce mata Anti Taƙaice. Manajoji huɗu da suka zo suka wuce, Malama Taƙaice suka san ta. Mijinta kuwa, tsohon direban bas wanda ke iya gaida baƙo tun daga bakin ƙofa har shayi ya huce, yakan ce Allah ne ya haɗa su don kada gidan ya yi abin kunya, shi yana yin gaisuwar mutum biyu.

Shekara ashirin da shida ta yi a kamfanin da ke rarraba kayan gyaran injinan niƙa da famfunan ruwa. Babban sito yana birni, rassa goma sha ɗaya suna warwatse a garuruwa. Teburinta yana ƙarshen baranda, tsakanin kantar da ake rataye bel ɗin inji da wata taga da ba ta taɓa rufuwa daidai ba. Wurin kullum warin giris da kwali yake yi. Aikinta shi ne wasiƙun imel na rassa: wane kaya ya ƙare, wane ya iso a lalace ana son mayarwa.

Manhajar da take aiki da ita tsohuwa ce, tun ta farkon shigowar kwamfuta kamfanin. Baƙin allo ne da korayen harufa. Ba hoto, ba fure, ba abin da ke tsalle. Komai da maɓalli ake yi. Da kowa ya koma sababbin manhajoji masu launi, aka kawo mata linzamin nan da ake ja a kan tebur, sai ta karɓa ta yi godiya ta danne takardu da shi saboda iskar taga.

Injiniyan da ya kafa manhajar ya bar wani ƙaton littafin bayani da ba wanda ya taɓa buɗewa. Ita ta tafi da shi gida ta karance shi kaf, tana ja da jan biro kamar mai shirin jarrabawa. A nan ta gane cewa abin yana koyon hali in an koya masa. Ta koya masa ya raba wasiƙu, kowane reshe da aljihunsa. Ta koya masa ya shafa wa duk wasiƙar da aka rubuta "gaggawa" launin rawaya. Ta ɗaure amsoshin da ta fi yawan bayarwa a maɓallan da ke layin sama: na uku, "Babu, sai mako mai zuwa." Na huɗu, "Lambar ba daidai ba ce, sake dubawa." Na biyar kuma, wanda har fentinsa ya goge, "An gani. A turo." Wasiƙa sittin takan gama da su kafin masu linzami su gama neman inda kibiyarsu ta ɓuya.

Gaisuwa ce ta kawo mata matsala. Masu sito na rassa suka kai ƙara wurin manaja na biyu cewa wasiƙunta a bushe suke kamar sammaci. Manaja ya kira ta ya ce daga yau kowace wasiƙa ta fara da gaisuwa irin ta mutane. Ta ce to. Ta kwashe mako guda tana tare direbobi a bakin sito tana tambayarsu halin kowane mai sito. Sannan ta rubuta wa kowa tasa gaisuwar, sau ɗaya tak, ta koya wa manhaja ta duba adireshi ta ɗora wadda ta dace. Na reshe na uku, ya gwiwa, da sauƙi dai? Na reshe na bakwai, ya tattabarun, suna ƙyanƙyasa? Na reshe na sha ɗaya, can inda kwalta ta ƙare, ya uwargida, ya jaririya, ta fara rarrafe kuwa?

Sai ƙaiƙayi ya nemi komawa kan masheƙiya. Da mutane suka ga ana tambayar gwiwarsu, sai suka fara amsawa da layi ashirin-ashirin. Ta koma littafinta ta nemo magani. Ta haɗa abin da take kira rariya: kafin a nuna mata wasiƙa, duk layin da babu lambar kaya a cikinsa a ɓoye shi. Daga ranar ba ta ƙara ganin gaisuwar kowa ba.

Ba a ɓoye ta yi ba. Duk wanda ya ce mata mutanen rassa suna yabon kirkinta, sai ta ce, "Na'ura ce ke gaishe su, ita za su yi wa addu'a." Direbobi sun kai wannan magana rassa. Mutanen can suka ce hassada ce irin ta 'yan birni.

Haka aka tafi shekara goma sha tara.

Wata Alhamis, wajen ƙarfe goma na safe, motar reshe na sha ɗaya ta shigo. Aka sauke kwalin boris guda biyu da suka lalace, zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da ke sa inji juyawa. Bayan kwalin sai ga wata doguwar yarinya da akwati a hannu ɗaya, ambulan a ɗayan, ta nufo ƙarshen baranda kamar ta san hanya.

"Anti, ina kwana."

"Lafiya."

"Ina gajiya? Ya aiki? Ya mutanen..."

"Taƙaice."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya har ta dafa kanta. "Wallahi haka Baba ya ce za ki ce."

"Waye babanki?"

"Mai sito na reshe na sha ɗaya. Ni ce jaririyar. Ya ce in gaya miki na fara rarrafe."

Taƙaice ta cire tabarau ta dube ta daga takalmi har ɗankwali. Jaririyar ta fi ta tsawo da kusan taƙi guda.

"To sannu. Me ya kawo ki?"

Yarinyar ta buɗe ambulan ta yi bayani. Ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya ta nan birni. Ɗakin kwanan ɗalibai ya cika. Dokar makarantar kuma, duk ɗalibar da za ta zauna a waje sai ta zo da mariƙi mazaunin gari, ya zo da ƙafarsa da katin shaida, ya sa hannu cewa a gidansa za ta zauna. Yau ne ranar ƙarshe. Ƙarfe biyu ake rufe rajista, wanda bai cika ba a ba na bayansa. Ba su da kowa a birnin. Baba ya rubuto ya roƙa, Anti kuma ta amsa. Ta shimfiɗa takardar a kan tebur.

Taƙaice ta karanta. Ya uwargida, ya jaririya, ta fara rarrafe kuwa? An gani. A turo.

"Boris na ce a turo," in ji ta. "Ban ce a turo mutum ba."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar yarinyar. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙa ba. Ta ninke takardar gida huɗu ta mayar cikin ambulan, ta tambayi ta ina ake bi zuwa tasha.

"Zauna," in ji Taƙaice. "Ban kuma ce ki tafi ba. Bari in ga abin da aka ce na ce."

Ta ja mata kujerar roba, ta juya ga allonta. Ta buga umarni ɗaya, wasiƙun reshe na sha ɗaya suka jeru tun daga ta farko, ɗari tara da saba'in da huɗu. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kife rariyar: a ɓoye layukan lamba, a nuna sauran.

Allon ya cika maƙil.

Na shekarun farko amsoshi ne na ladabi. Uwargida lafiya lau, tana gaishe ki. Jaririya ta fara rarrafe, har ta jawo tiren kofuna. Jaririya ta miƙe. Jaririya ta ce Baba. Taƙaice ta riƙa danna maɓallin gaba, tana tsallake goma-goma. A shekara ta uku ta ci karo da wannan:

"Malama, jaririya yanzu tana gudu har ba a iya kama ta, amma na lura a wurinki ba ta tashi daga ƙasa ba. Direba ya ce na'ura ce ke gaishe ni, ban yarda ba sai yau. Ba komai. Nan inda nake daga ni sai kwalaye, ko na'ura ta tambaye ni zan amsa."

Kuma ya ci gaba da amsawa, mako-mako, yana sane ba mai karantawa. Jaririya ta shiga firamare, ta ciji wani yaro. Jaririya ta zo ta biyu a aji, ta ce malamin ne bai iya duba jarrabawa ba. Jaririya ta ɗaure wa akuyar maƙwabta ƙafa da bandeji, akuyar lafiyarta ƙalau, sai da aka yi sulhu. A tsakanin labarin 'yarsa yakan sa na kansa: haƙorin da ya cire, rufin sito da ke yoyo, kekensa da aka sace aka dawo da shi babu sirdi.

Taƙaice ta ji dariya ta taho mata, ta mayar da ita tari.

A shekara ta sha biyu wasiƙar gajeriya ce.

"Uwargida ta rasu ranar Laraba. Na san mako mai zuwa za ki ce ya uwargida. Ki ce ɗin. Nan da wata biyu kowa zai daina ambatonta, ke kaɗai za ki rage."

Ta duba amsar da ta ba shi a wannan makon. Gaisuwar tana nan yadda take, a ƙasa kuma: "Lambar ba daidai ba ce, sake dubawa."

Ta daɗe a kan wannan allon. Ta goge tabaranta da gefen mayafi ta mayar. Yarinyar tana can a kujerar roba, akwati tsakanin ƙafafunta, tana kallon agogon bango. Sha biyu saura kwata.

"Kin ci abinci?"

"Na ci a hanya."

"Ƙarya kike. Buɗe aljihun tebur na ƙasa, akwai biskit."

Ta tsallaka zuwa wasiƙu uku na ƙarshe. A biyun farko ya yi roƙon a fili, da bayanin makaranta, da ranar rufewa, da ban haƙuri. Amsarta duka biyun maɓalli na uku ne, "Babu, sai mako mai zuwa," domin bel ya nema a ƙasan wasiƙar, bel kuma ya ƙare. Ta ƙarshen ce ta sa ta dafe kai.

"Malama, sau biyu na roƙa na haɗa da bel, na'urarki ta ce babu. Laifina ne. Yau na nemo boris biyu da suka lalace na haɗa da su. Yanzu za ki ga lambarsu ki danna wancan maɓallin ki ce a turo. Na gode tun kafin ki danna."

Ta ɗauki wayar tebur ta buga reshe na sha ɗaya. Shekara sha tara ba ta taɓa jin muryarsa ba. Muryar siririya ce, ta tsoho mai fara'a.

"Salamu alaikum, sito ne, wa ke magana?"

"Wadda ka yaudara."

"A'a! Malama! Ina kwana? Ina gajiya? Ya maigida? Ya..."

"Malam, ka san ba na karantawa."

"Na sani tun tana shekara uku."

"To don me ba ka bugo waya ba? Ga waya a gabanka."

"Da na bugo me za ki ce?"

Ta mayar da wayar ɗaya kunnen, domin ta san amsar.

"Kin gani," in ji shi. "Bakinki zai ce a'a kafin in kai tsakiyar zance. Shekara sha tara kina aike na da maɓalli, Malama. Sau ɗaya na ari maɓallin, kada ki yi rowa."

"Da na kore ta fa? Da ka kashe wa 'yarka karatu da wayonka."

"Na yi wannan tunanin, har na rame. Amma na duba takarduna. Ba ki taɓa cewa a turo kaya, suka iso, kika mayar da su ba. Ko da kuskurenki ne, sai ki nema musu wuri a kanta."

"Mutum ba boris ba ne."

"Shi ya sa na haɗo da boris ɗin, ko ɗaya ya samu shiga."

Ta so ta faɗi wani abu game da shekara ta sha biyu. Ta buɗe baki, maganar ta ƙi taƙaituwa, ita kuma ba ta iya doguwa ba. Sai ta ce, "Na karanta ta ranar Larabar nan. Allah ya jiƙanta."

Tsohon ya ce, "Amin. Ta'aziyyar ta iso a makare, amma ta iso."

Ta ajiye wayar, ta kashe allo, ta ɗauki jakarta ta duba katin shaida yana ciki. Manaja na huɗu, wanda bai taɓa ganin ta tashi daga tebur kafin lokacin tashi ba, ya leƙo daga ofishinsa.

"Malama, lafiya? Ina za ki?"

"Kaya ne suka iso, ba nan ne wurinsu ba. Zan kai su." Ta juya ga yarinyar. "Ke Jaririya, ɗauko akwatinki. Ki yi sauri, ba rarrafe ba."

Motar haya biyu suka shiga, ta biyun ta tsaya shan mai. A makarantar layi ya kai har bakin matakala. Taƙaice ta tsaya tana ƙirga kawuna tana duban agogon hannu, tana jin yadda kowane uba sai ya gaida magatakarda na minti biyu kafin ya miƙa takarda. Waɗanda ke gabanta sun ji numfashinta a ƙeyarsu. Biyu saura minti ashirin suka iso tebur.

Magatakardan ya karɓi katin ya duba. "Me kike gare ta?"

"Shekara sha tara ina tambayar lafiyarta."

"Hajiya, babu wannan a fom."

"Gwaggona ce," in ji yarinyar.

Taƙaice ta karanta fom ɗin layi-layi, har ƙananan rubutun ƙasa, magatakarda yana buga biro a tebur. Sannan ta sa hannu.

A gida akwai ɗaki guda da ya zama fanko tun da 'ya'yansu biyu suka yi aure suka bar gari. Maigida ya cika shi da matattun rediyoyi da yake cewa zai gyara. Da ya ga baƙuwa da akwati sai ya miƙe tsaye da murna.

"Maraba, maraba! Sannu da zuwa 'yata! Ya hanya? Ya gajiyar mota? Ya kika baro mutanen gida?"

"Lafiya lau, Baba. Ya gida? Ya ƙarfin jiki? Ya muka same ku?"

Maigida ya juyo ya dubi matarsa, idonsa har ƙyalli yake. "Ke, ina kika samo wannan? Shekara talatin ina jefa gaisuwa a gidan nan ba mai cafewa!"

"A kwali ta zo. In kun gama, rediyoyinka su bar ɗakin nan kafin magariba."

Ba su gama ba sai da ta dafa abinci ta sauke.

Shekara uku yarinyar ta yi a ɗakin. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti, tana da 'ya'ya biyu, kuma har yau in ta bugo waya gidan, maigida cewa yake, "Jaririya ce, zo ki ce mata taƙaice." Taƙaice ba ta sauya hali ba, hali zanen dutse ne. Ba ta jefar da rariya ba, ba ta taɓa linzami ba har ta yi ritaya. Abin da ta yi kawai, ta ƙara doka ɗaya a manhajar: kowace Alhamis da safe rariyar ta ɗage da kanta. Ran nan takan gama aikinta a makare, tana mita.

Gaisuwar reshe na sha ɗaya kuwa, mai siton ne ya hana a taɓa ta. Ya ce ya saba.

Sauran goman ne suka dame ta. Ranar Litinin da ta biyo bayan Alhamis ɗin da yarinyar ta iso, ta buga sunan da ta tara rassan duka a ƙarƙashinsa, ta kashe gaisuwar na'ura, ta rubuta wasiƙa da yatsunta. Wasu masu siton sun buga ta a takarda sun manna a bango.

"Zuwa ga dukan masu sito. Gaisuwar da kuke samu daga gare ni na'ura ce ke yi, amsoshinku kuma shekara sha tara ban karanta ba. Na faɗa wa direbobi, kun ce ƙarya ne. Gaskiya ne. Yanzu ina roƙon abu biyu. Duk wanda nake tambayar gwiwar da ta warke, ko tattabarun da aka cinye, ko mutumin da ya riga mu gidan gaskiya, ya aiko min da gyara, layi ɗaya. Wanda kuma yake da magana mai nauyi ya sa ta a layin farko, ya manna mata lambar boris a gefe don in gani. In mutum za ku turo, ku gaya min tsawonsa, gadon ɗakin gajere ne."